An Sake Shi

Daminar da ta wuce ta yi gardama, rumbuna suka wayi gari fayau, sojoji kuma suka karɓi mulki tun zafi bai kankama ba. A wannan shekara Tanimu ya cika shekara shida yana zanen famfon rijiya a wata ƙaramar masana'anta da ke Kirkisoye, hayin kogi a Yamai. Anjiniya ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba, ko da yake takardar da ke cikin jakarsa ta mai zane ce kawai. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai tsabta har ta yi yawa, irin mutanen nan da in ka ara musu biro sai su maido maka shi tare da bayanin yadda ya kamata ka riƙa rufe shi. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: Hausarsa, wadda yake ganin ƴan Yamai sun jagwalgwala da Zabarmanci da Faransanci, sai kuma tsarin da ya kafa wa zane.

Tsarin kuwa, a yi masa adalci, tsari ne. Famfon gaba ɗaya yana cikin kwamfuta, ordinater in ji mutanen gidan. Kowane ƙarfe da nasa zanen, sannan a harhaɗa su wuri guda har ka ga famfon a tsaye kana jujjuya shi da yatsa. In ka taɓa ƙarfe ɗaya, duk famfon da ke ɗauke da wannan ƙarfen sai ya bi. Sandar da ke sauka cikin rijiya ta jawo ruwa, zanenta ɗaya ne amma tana da siga uku: ta rijiya gajera, ta matsakaiciya, da ta mai zurfi. Turawan da suka ƙera na'urar suna da wata doguwar kalma da suke kiran wannan, Tanimu ya ce riga. Sanda ɗaya, riga uku. Kowane zane kuma yana da harafinsa, wanda ake kira indis: A, in an gyara ya zama B, in an ƙara gyarawa ya zama C. Ranar da aka saki zane don a yi aiki da shi, na'urar na kulle shi, ko Tanimu da kansa ba ya iya taɓa shi sai dai ya buɗe sabon harafi ya rubuta dalili.

Amma ma'aikatan da ke ƙasa a atiliye, inda ake yankan ƙarfe, ba su da ordinater, takarda suke gani. Da can akwai wani hatimi na Faransanci mai kalmomi uku da rabinsu ba su san ma'anarsu ba. Tanimu ya jefa shi a kwando, ya hau babur har Babbar Kasuwa, ya tsaya a kan mai sassaƙa roba sai da aka yi masa sabo da Hausa tsantsa, manyan baƙaƙe: AN SAKE SHI. Ya tara ma'aikata ya yi musu huɗuba. Takardar da ba ta da waɗannan kalmomi uku, kallonta kawai za a yi, ko ƙusa ba za a yanka da ita ba. Wadda take da su kuwa, an sake ta, a kama aiki. Ya yi ta maimaita wannan har ya zama abin tsokana, in wani ya fito daga banɗaki sai a ce an sake shi.

To, a watan da zafi ya fi tsanani, kwamitin agajin da sojoji suka kafa ya ba masana'antar aikin famfo ashirin da huɗu, na rijiyoyi masu zurfi a ƙauyukan Arewa, wajen Dogonduci, inda mata suka fara kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Mai kula da aikin wani hafsa ne, Kapiten Halidu, mutum marar yawan magana. Ranar da ya kawo takardar aikin ya faɗi abu ɗaya, ya ce duk wanda ya jawo wa aikin nan tsaiko zai bar wurin, kuma ba gida zai nufa ba. Aka ba su mako uku.

Ran Alhamis Tanimu ya gama komai, ya saki indis B a cikin na'ura, ya buga takardar sandar mai zurfi ya aika ƙasa don su fara dubawa, da niyyar washegari ya sauka ya danna mata hatimi a gaban kowa, don ba ya son yin wannan aikin babu masu kallo. Jumma'a da safe sai ga saƙo daga masu haƙar rijiya. Ruwa ya ƙara nutsewa, rijiyoyin da aka auna gaba sittin yanzu sai an kai saba'in da biyar. Tanimu ya yi lissafi sau biyu. Sanda mai kaurin mili goma sha biyu ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, za ta yi wata biyu ko uku sannan ta tsinke can ƙasa inda ba mai iya kamo ta. Sai mai mili goma sha shida.

A nan fa ya nuna gwaninta. Bai taɓa B ba. Ya buɗe C, ya sauya rigar mai zurfi ita kaɗai, ya bar sauran biyun yadda suke, ya rubuta dalili da kwanan wata, ya leƙa babban haɗin ya ga famfon ya karɓi sabuwar sanda lafiya lau. Ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa, har yana takaicin babu wanda ya isa ya fahimci abin da ya yi a duk Kirkisoye. Ya miƙa hannu zai buga sabuwar takarda ke nan, wuta ta ɗauke.

Ya jira rabin awa, shiru. Ga mota na jiransa, don an gayyace shi taron bita a Doso, kwana huɗu. Ya sauka atiliye da sauri, ya tarar shugaban ma'aikata, Baba Yohanna, wanda suke ce wa Shef, ya fita sayo iskar walda. Tsohuwar takardar B tana nan a kan teburinsa an danne ta da guduma. Tanimu ya zaro jan biro, ya rubuta a tsakiyarta da kyakkyawan rubutunsa cewa an canza wannan zanen, kada a yi aiki da shi. Sai dai shi Bahaushe ne na asali, ba ya cewa "canza", wannan kalmar ƴan ci-rani ce. Abin da ya rubuta shi ne: An sake shi. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya tafi. A ransa akwai sauran mako biyu, in ya dawo ran Talata ya buga C a kama aiki.

Abin da aka gayyace shi ya koyar a Doso kuwa, ba sai an faɗa ba, yadda ake kiyaye zane ne don kada tsoho ya cakuɗe da sabo. Ya tafi da hatiminsa a aljihu, ya ɗaga shi sama a gaban mutum talatin, ya ce matsalar ƙasar nan ba rashin ruwa ba ce, rashin tsari ce, kuma muddin ana yi wa ma'aikaci magana da harshen da bai sha a nono ba, kuskure ba zai ƙare ba. Aka tafa masa. Wani dattijo daga Tawa ya karɓi hatimin ya jujjuya shi ya ce Allah ya yi albarka. Tanimu ya ci naman zabi sau uku a kwana huɗu.

Talata da hantsi ya tsallako gada a kan babur, kogin ya janye har shanu na kiwo a tsakiyarsa. Tun daga bakin ƙofa ya ji injuna na kuka, abin ya ba shi mamaki. Yana shiga ya ga sanduna jibge a jikin bango, ɗauri-ɗauri, an yanka su daidai, an yi wa kowace haƙoran da ake murɗa ta a jikin ƴar'uwarta, an shafa musu mai suna ƙyalli. Baba Yohanna ya taho yana goge hannu da tsumma. Dattijo ne ɗan Dogonduci, gajere mai faɗin kafaɗa, shekara talatin yana yankan ƙarfe, ya rasa rabin ɗan yatsa a kan aikin.

"Barka da zuwa, Anjiniya," ya ce. "Ka ga abin da munka yi a bayanka. Ɗari shidda ne, saura talatin. Ko Lahadi ba mu huta ba, daga aduwa nan na yo da rigar cocina."

Tanimu ya ce madalla, don bakinsa ya riga kansa. Sannan ya ɗauki sanda ɗaya. Bai buƙaci ma'auni ba, hannunsa ya gaya masa. 

"Shef, da wace takarda kuka yi wannan?"

"Da wadda ka saki mana."

"Ban saki komai ba."

Baba Yohanna ya dube shi, ya juya ya ɗauko takardar daga teburi, ta sha maiƙo da yatsu amma jan rubutun na nan raɗau. Ya ɗora guntun yatsansa a kai. "Ga shi. An sake shi. Ga sa hannunka. Na ce wataƙila tawadar tampon, hatimin nan naka, ce ta bushe saboda zahi, ka rubuta da hannu."

"Ba sake na saki ba, Shef. Sake na canji. An saaake shi," Tanimu ya ja kalmar kamar mai kiran akuya. "An yi sabo. Wannan ya mutu."

Dattijon ya matso da takardar kusa da idonsa, ya nisantar da ita, kamar wani harafi zai ɓullo. "To ai da ka sa harahin a sau biyu," ya ce a hankali. "Mu da munka yi karatun dare zamanin da, haka anka koya muna. In kalma ta ja, a biyu. Saake daban, sake daban. Ni a guda na gani."

Tanimu ya buɗe baki zai yi masa bayanin cewa an daina wannan rubutun tun shi yana yaro, kuma mai hankali daga yanayin magana yake gane wadda ake nufi. Sai ya tuna hatimin da ke aljihunsa, ya rufe bakin.

Wani tunani ya zo masa, kuma gaskiya bai kore shi da wuri ba. Sanda mai mili sha biyu ba yau za ta tsinke ba. Wata uku lokaci ne mai tsawo, kafin nan an yi ruwa, wataƙila rijiyoyin sun ciko, wataƙila ma sojojin sun tafi. Yana cikin lallaɓa wannan tunani sai ya ji atiliye ya yi tsit. Baba Yohanna ya ɗaga hannu, an kashe injuna.

"Siririyar za ta katse a ƙasa?" ya tambaya.

"Za ta iya."

"To ba ta tahiya." Ya ninke tsummansa. "Sai dai akwai magana. Kapiten ya biyo ran Asabar, ya ga aiki ya yi nisa, ya yi murna, ya ce ba sai an jira mako biyu ba. Kamiyo, babbar motar da za ta kwashi kayan, na zuwa jibi Alhamis. Gobe da sahe shina tahe shi duba kaya."

Tanimu ya ji haushin dattijon ƙwarai, haushin da mutum ke ji in wani ya yi abin da ya dace a gabansa ba tare da ya nemi shawararsa ba. Ya hau sama ya buga C, wuta kuwa yau ga ta kamar ba ta taɓa ɗaukewa ba. Ya sauko ya danna mata hatimi, ba mai kallo. Aka fara yankan sanduna masu kauri tun kafin azahar.

Da la'asar, da zai tafi, Baba Yohanna ya raka shi har wurin babur. "Anjiniya, kada ka damu kanka," ya ce. "Ni na yanka ƙarhe. In ya tambaya, ka ce ka rubuta an canza, tsoho ne bai gane ba. Ai gaskiya ce. Kai kana da gaba, ni kuwa yarana sun girma."

Abin da ya fi ƙona wa Tanimu rai shi ne gaskiya ce ɗin. Duk hanyar komawa gida unguwar Bukoki yana jujjuya ta. Ba ƙarya zai yi ba. Canji ya nufa, canji ya rubuta. A cikin na'ura komai nasa tsaf yake, ga C, ga dalili, ga kwanan watan Jumma'a da ƙarfe goma da minti ashirin. Duk alƙalin da ya ga wannan zai wanke shi. Kafin ya kai gida har ya shirya jawabi mai kashi uku.

Ya tarar da matarsa Kadi a tsakar gida tana tsince shinkafa, rediyo na gefenta. Malamar makaranta ce, ƴar Maraɗi, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta ce masa Anjiniya. Ya ga ga shaida ta samu. Ya yagi takarda ya rubuta kalmomin uku, ya miƙa mata.

"Karanta min wannan."

Ta duba, ta ɗago da sauri. "Wa aka saki? Mijin Hajara? Yau kwana arba'in ke nan suna tsare da shi."

"Ba mutum ba ne. Ki sake karantawa."

"To mene ne aka tsare in ba mutum ba?"

"Zane ne. An sake shi, an yi wani."

"Sai ka ce an canza shi, kowa ya huta," ta ce, ta koma kan shinkafarta. Can ta ƙara dubansa. "Malam, me ka yi?"

Ya ba ta labari, yana ɗan gyara wasu wurare. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, wanda ba halinta ba ne.

"Wannan Baba Yohannan," ta ce, "shi ne wanda ya zo ya ɗaura mana ƙofa lokacin da na haihu, ya ƙi karɓar ko ruwa?"

"Shi ne."

Ta ɗauki shinkafarta ta nufi murhu. Tanimu ya so ta yi masa faɗa, da ya samu abin mayarwa. Ya ci tuwo ba ya jin ɗanɗanonsa, jawabin nan nasa mai kashi uku ya koma kashi biyu.

Laraba da ƙarfe takwas motar soja ta tsaya a ƙofa. Kapiten Halidu ya shigo shi kaɗai, idanunsa jajur, takalmansa duk ƙasa, da alama daga hanya yake. Ya ga tulin sanduna a jikin bango, ya ga ana yankan wasu, ya tsaya. Baba Yohanna ne ya yi masa bayani, a tsaye, hannayensa a baya, bai ɓoye komai ba kuma bai ambaci sunan kowa ba. Waɗancan sirara ne, ba za su yi ba. Masu kaurin da za a iya gamawa kafin gobe, in aka yi aiki ba tsayawa, na famfo tara ne.

"Tara," in ji kapiten. "Cikin ashirin da huɗu." Bai ɗaga murya ba. "Wa ya ba da izinin yanka siraran?"

"Ni na yanka, mon kapiten."

"Ban tambaye ka wanda ya yanka ba."

Aka miƙa masa takardar. Ya dube ta, ya juyo wurin Tanimu. "Kai ne mai sa hannun nan? Ni Hausata ta bariki ce, ba na so in zalunci kowa. Karanta min abin da ka rubuta, da bakinka."

Ma'aikata goma sha ɗaya suna tsaye. Tanimu ya karɓi takardar. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne, ya ja wasali ɗaya na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. In ya ja, ya fita, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ji kalmar ta hau harshensa a shirye, doguwa, mai daɗi. Ya saci kallon Baba Yohanna, ya ga dattijon ya riga ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, yana tsaye da ƴar shara. Kunya ta kama Tanimu irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

"Mon kapiten," ya ce, "ba ya karantuwa."

"Kamar yaya?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hatimin, ya huro masa iska, ya danna shi a ƙarƙashin jan rubutun. Ya miƙa takardar. Kalmomi uku a sama, kalmomi uku a ƙasa, harafi da harafi.

"Na ƙasan yana nufin a kama aiki. Ni na sassaƙa shi, ni na koya musu cewa in sun gan shi su yanka ƙarfe. Na saman yana nufin a tsaya. Shi ma ni na rubuta. A baki sun bambanta, a takarda ba su bambanta ba. Shekara shida ina da kalmar fara aiki, ban taɓa tanadar ta dakatarwa ba, don ban zaci zan buƙace ta ba. Shef ya bi dokata ne. Laifin nawa ne."

Yana gama faɗa ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, kuma, tun da hali zanen dutse ne, ba a raba mutum da shi cikin minti ɗaya, nan take ya fara sha'awar kansa. Ya ga maganar ta fito da tsari. Ya hango ma'aikata suna ba da labarin a Kirkisoye, ya hango Kadi ta ji daga bakin wasu. Har ya ɗan gyara tsayuwa yadda in za a tafi da shi a tafi da shi da mutunci.

Kapiten ya daɗe yana kallon takardar. "Wa kuma ya iya buɗe ordinater ɗin nan in ba kai ba?"

"Babu, mon kapiten. Ni kaɗai ke da kalmar sirrin."

"Na yi zato." Ya murza idanunsa. "To ba ni da halin tsare ka. Siraran nan asara ce?"

"A'a, su ne daidai na rijiya gajera, rigar farko. Za su yi amfani in an samu aikin..."

"Ba ni da rijiya gajera bana." Ya juya. "Baba, sa rigarka, a tada injuna."

Shi ke nan. Ba wanda ya tafa. Baba Yohanna ya ɗauki rigarsa ya saka, ya daka wa masu yanka tsawa su koma bakin aiki, ya wuce ta gaban Tanimu bai ko dube shi ba, don hankalinsa na kan wani da ya ɗaura ƙarfe a karkace. Tanimu ya tsaya riƙe da hatimi, bai san inda zai sa kansa ba.

Kapiten ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya warware ta a kan teburi. Sunayen ƙauyuka ne ashirin da huɗu, kowane da zurfin rijiyarsa da yawan mutanensa.

"Kamiyo ɗaya gare ni, kuma bayan gobe an ba wa masu rabon hatsi shi. Ban san ranar da zai dawo hannuna ba, wataƙila mako uku, wataƙila wata. Tara za su samu gobe. Sha biyar za su jira." Ya ajiye biro a kan takardar. "Tun da kai ne gwanin rubutu, kai za ka zaɓa. Ka soke sha biyar. Ina mota, minti ashirin."

Ya fita. Tanimu ya ja kujera ya zauna a cikin ƙarar injuna. Ya san waɗannan rijiyoyi sarai, ya san zurfin kowace, amma a wurinsa duk riga ɗaya ce, ta uku, layi ɗaya a cikin na'ura. Bai taɓa karanta sunayen ba. Ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ya koma sama. Ya nemi wata ƙa'ida da zai fake da ita, ya fara da yawan mutane, sai ya ga ƙaramin ƙauye shi ne mai rijiya mafi zurfi. Ya gwada ta zurfi, sai ya ga za a bar gari mai mutum dubu biyu. Duk ta inda ya ɓullo akwai waɗanda za su jira.

"Shef," ya kira. 

Baba Yohanna ya zo ya tsaya a kansa.

"Ƙasarku ce. Ka san wuraren nan?"

"Na san wasu."

Tanimu ya ɗora bakin biro a kan suna na farko. "Tungar Ƙaya. Akwai wata rijiya kusa da su?"

"Akwai ta Gidan Dogo, in ba ta ƙahe ba."

"Nisan fa?"

Dattijon ya ɗan yi tunani. "In mace ta hita da asuba da jaki, takan dawo kahin la'asar."

"In ba ta da jaki?"

 Baba Yohanna ya dubi agogon bango, ya dubi ƙofa inda motar ke jira.

Tanimu ya ja layi a kan Tungar Ƙaya, layin ya ɗan karkace. Saura goma sha huɗu.